Rabin Magana: Yadda Kalaman Rumawa Suka Yi Ta Yawo Bayan Masu Su

Ranar 20 ga Oktoban 2011, Hillary Clinton, sakatariyar harkokin wajen Amurka a lokacin, tana Kabul tana hira da 'yan jarida sai labari ya iso cewa kwanan Mu'ammar Gaddafi ya ƙare a Sirte. Ta kece da dariya ta ce, "Mun zo, mun gani, ya mutu." Da yawa daga cikin waɗanda suka ga wannan bidiyo abin da ya tsaya musu a rai shi ne dariyar. Amma maganar ma ba tata ba ce, aro ta yi ta sauya mata wutsiya. Mai ita ya riga ta faɗa da shekara dubu biyu da 'yan kai, a wani gari da ake kira Zela, wanda yau yake cikin Turkiyya da sunan Zile.

Veni, vidi, vici. Na zo, na gani, na ci nasara. Yuliyas Kaisar, jagoran yaƙin Rum, shi ne ya yi wannan kirari a shekara ta 47 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan ya tarwatsa rundunar Pharnaces, sarkin Pontus. A bakin Rumawan wancan zamani ana furta ta ne kamar "weni, widi, wiki", kuma sunan mutumin da kansa "Kaisar" suke kiran sa, yadda Larabawa suka riƙe mana shi, ba "Siza" irin na Turawan Ingila ba. Marubucin tarihi Suetonius ya ce kwana biyar da isarsa, awa huɗu da hango abokan gaba, ya gama da su. Da aka yi bikin nasara a birnin Rum, an rubuta kalmomin uku a allo aka wuce da su gaban jama'a. Abin da Kaisar yake nunawa shi ne saurin yaƙin, ba girmansa ba. Akwai habaici ma a ciki, domin abokin hamayyarsa Pompey ya yi suna ne a yaƙe-yaƙen wannan yanki, Kaisar kuwa yana cewa ne a fakaice: ashe da waɗannan raggwayen ka samu suna?

Habaicin ya mutu tare da waɗanda aka yi dominsu. Kalmomin uku suka ci gaba da tafiya. A 1683, da sarkin Poland Jan Sobieski ya kori rundunar Usmaniyya daga ƙofar Vienna, ya aika wa Fafaroma saƙo ya ce, "Mun zo, mun gani, Allah ya yi nasara." Ya ga girman kan ya yi yawa, ya sa masa rigar tawali'u. Kamfanin taba na Philip Morris kuma ya ɗora su a tambarinsa, suka zagaya duniya a jikin kwalin Marlboro.

Bahaushe ya san rabin magana. Dattijo zai ce, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta," ya ja bakinsa ya yi shiru. Ba ya bukatar ƙarasawa, saboda sauran yana cikin kan mai sauraro. Kalaman Latin, harshen Rumawa, da suka shahara su ma rabin magana ne, guntaye da aka yanko daga waƙa ko wasiƙa ko littafin tarihi. Bambancin shi ne su ɗaya rabin nasu ya ɓace. Mai faɗa bai san shi ba, mai ji bai san shi ba. Saboda haka kowane zamani sai ya ƙera wa maganar sabuwar wutsiya daidai da bukatarsa, har ta kai wani lokaci tana faɗin kishiyar abin da mai ita ya nufa. A ganina ba kuskure ne ya raya waɗannan kalamai ba, kuma ba hikimarsu kaɗai ba ce. Yankewar ce ta raya su. Da sun zo da cikakken bayaninsu, da nauyi ya hana su tafiya mai nisa.

Mu ɗan ƙara tsayawa a kan Kaisar, don shi ne ya fi kowa barin irin wannan gado. A watan Janairun shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya iso bakin wani ƙaramin kogi mai suna Rubicon da rundunarsa. Dokar Rum ta hana gwamna ya tsallako iyakar lardinsa ya shigo Italiya da sojoji, kuma wannan kogi shi ne iyakar. Tsallakawa na nufin tawaye. Suetonius ya ce da ya yanke shawara sai ya ce iacta alea est, wato an jefa ƙwayar caca. Mutanen yau suna ɗaukar maganar da ma'anar "bakin alƙalami ya bushe", aikin gama ya gama. To amma marubuci Bagirke Plutarch ya ce da Girkanci ya faɗe ta, kuma baiti ne ya aro daga marubucin wasan kwaikwayo Menander, mai ma'anar "a jefa ƙwayar". Wannan ba maganar wanda ya san ƙarshen al'amari ba ce. Maganar ɗan caca ce da ya tattara duk abin da ya mallaka ya zuba, ko a ci ko a cinye shi.

Shi kansa kogin ɓacewa ya yi. Ƙarni bayan ƙarni garuruwan yankin suna gardama kan wane rafi ne Rubicon na gaskiya, sai a 1933 Mussolini ya kashe gardamar da doka, ya ce rafin Fiumicino ne. A Afirka kuwa sunan ya taɓa yin tashe. Ranar 15 ga Agustan 1985, shugaban gwamnatin wariyar launin fata P. W. Botha ya yi jawabi a Durban, duniya ta kasa kunne tana jiran ya sanar da manyan sauye-sauye. Ya ce suna tsallaka Rubicon, amma bai tsallaka ko kwata ba. Kuɗin ƙasar ya faɗi warwas, bankunan waje suka janye hannu, aka kuma laƙaba wa jawabin sunan kogin don ba'a.

Maganar da aka fi dangantawa da mutuwar Kaisar, Et tu, Brute?, "Har da kai, Burutus?", ba ta fito daga bakinsa ba. Burutus na hannun damansa ne da ya shiga cikin waɗanda suka kashe shi. Shakespeare ne ya sa masa ita a wasan kwaikwayonsa wajen 1599. Suetonius ya ce da aka rufe shi da sara da suka a watan Maris na shekara ta 44, ya lulluɓe kansa da mayafinsa, ya sha wuƙa sau 23, in ban da nishi guda bai ce uffan ba. Sai ya ƙara da cewa wasu sun ruwaito ya ce wa Burutus da Girkanci, "Har da kai, yaro?" Ga Girkanci kuma ya sake fitowa. Dalili shi ne manyan Rum suna kallon Girkanci a matsayin harshen ilimi, suna tsoma shi cikin zance yadda malami a Kano ko Zinder yake tsoma Larabci in magana ta yi nauyi. Ashe Rumawa ma suna da nasu "Latin" ɗin.

Inda wannan yanke-yanke ya fi yin ɓarna, a wurina, shi ne carpe diem. Yau za ka gan ta a jikin riguna da kofuna da sunayen gidajen shaƙatawa, an fassara ta da "damƙe ranar", wato ka yi ta maza, ka ci duniya da tsinke tun kana da rai. Wani fim na Amurka na 1989 kan malamin adabi da ɗalibansa shi ya ƙara watsa wannan fahimta. Asalinta kuwa waƙa ce mai layi takwas kacal ta mawaƙin Rum Horace, wadda ta fito a shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yana magana ne da wata mace mai suna Leuconoe, wadda ta damu da son sanin ranar mutuwarta har tana bin masu lissafin taurari na Babila. Yana ce mata ta bar zuwa wurin 'yan duba, ba a ba ɗan Adam sanin wannan ba. Ko damuna da yawa suka rage ko wannan ce ta ƙarshe, ta yi haƙuri da abin da ya zo, ta tace ruwan inabinta, ta datse dogon buri tunda rayuwa gajeriya ce. Muna cikin magana ma lokaci yana gudu. Sannan ya rufe: carpe diem, quam minimum credula postero. Kalmar carpere ba damƙa take nufi ba, tsinka take nufi, yadda ake tsinkar ɗan itacen da ya nuna. Tsinki yau ɗinki, kada ki dogara da gobe.

Duk wanda ya tashi yana jin ana cewa "gobe ta Allah ce" zai gane wannan murya, ko da yake Horace gumakan Rum yake ambato. Waƙar nasiha ce a kan rage buri. Masu talla suka mai da ita taken ƙara buri.

Shi dai Horace ɗin ne ya rubuta dulce et decorum est pro patria mori, daɗi ne kuma daraja ce mutum ya mutu saboda ƙasarsa. An sassaƙa wannan layi a duwatsun tunawa da sojoji a ƙasashe da dama, har da maƙabartar Arlington ta Amurka, kuma an cusa shi a kan yaran makarantun Ingila kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin dariya, ko abin takaici, mai baitin ya taɓa zuwa yaƙi a Philippi a shekara ta 42, a ɓangaren Burutus, kuma da bakinsa ya faɗa a wata waƙar cewa ya yar da garkuwarsa ya ari na kare. Ya rayu ya tsufa a gonarsa. A 1917 wani matashin hafsa, Wilfred Owen, yana jinya a wani asibiti a Edinburgh, ya rubuta waƙa kan sojan da iskar guba ta shaƙe a gabansa, ya rufe ta da baitin Horace ya kira shi tsohuwar ƙarya. An kashe Owen ranar 4 ga Nuwamban 1918, saura mako guda a tsagaita wuta. Tun daga nan baitin yake ɗauke da ma'ana biyu a lokaci guda, sai ka duba bakin da ya fito daga ciki kafin ka san wace ake nufi.

Juvenal kuwa mawaƙin zambo ne mai kaifin baki, kuma da zai dawo ya ga inda aka kai maganganunsa da ya yi sabon zambo. Mens sana in corpore sano, lafiyayyen hankali a lafiyayyen jiki, ta zama taken malaman motsa jiki da ƙungiyoyin wasanni. Kamfanin takalma na Japan, ASICS, daga wani salo na wannan jimla ya harhaɗa sunansa a 1977. Amma farkon layin da aka yanke yana cewa orandum est, "abin da ya kamata a roƙa". Juvenal ya gama yi wa mutane tas kan addu'o'in banza da suke yi, na neman dukiya da mulki da kyau da tsawon rai, yana nuna yadda kowanne ya halaka masu shi, sai ya ce in dai dole sai ka yi roƙo, to ka roƙi hankali da lafiya da zuciyar da ba ta tsoron mutuwa. Babu gudu ko ɗaga ƙarfe a ciki.

Ɗayar ta fi wannan. Quis custodiet ipsos custodes? Wa zai gadi masu gadin? Yau ita ce tambayar da ake jefa wa 'yan sanda da alƙalai da hukumomin yaƙi da cin hanci, kuma ta dace da su ƙwarai, irin dacewar "mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi". Sai dai Juvenal ba siyasa yake yi ba. Yana cikin doguwar waƙar kushe matan Rum ne, abokai suna ba miji shawara ya sa wa matarsa kulle ya ajiye masu gadi, shi kuma yana cewa aikin banza ne, da masu gadin za ta fara. Magana ce ta kishi da raina mata. A nan yankewar alheri ta yi, ta tsamo tambaya mai daraja daga kwata.

Yaya aka yi guntayen suka rabu da iyayensu? Makaranta ce. Bayan faɗuwar daular Rum ta yamma a 476, Latin ya daina zama harshen uwa sannu a hankali, ya haifi Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da Fotugisanci, amma shi kansa ya ci gaba da zama harshen coci da jami'a da kotu sama da shekara dubu. Littattafai suna da tsada, ana kwafar su da hannu, saboda haka malamai suka riƙa tsinto layuka masu daɗi suna tarawa a kundi don ɗalibai su haddace. Da injin ɗab'i ya zo, malami ɗan Holland Erasmus ya buga tarin karin maganar Latin da Girkanci a Paris a 1500, kimanin guda 800, ya yi ta ƙari har suka haura 4,000 kafin rasuwarsa a 1536. Yaron da ya haddace layi daga irin wannan kundi zai girma ya zama lauya ko ɗan majalisa, ya jefa shi cikin jawabi, bai taɓa ganin waƙar da aka ciro shi ba. Newton ya rubuta babban littafinsa da Latin a 1687. Sai a 1960 jami'o'in Oxford da Cambridge suka daina sharɗanta Latin ga mai neman shiga, kuma sai bayan babban taron Vatican na 1962 zuwa 1965 cocin Katolika ta buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a.

Akwai kuma kwarjinin harshen da ba na kasuwa ba. Maganar da ba wanda yake cinikin tumatir da ita tana da wani nauyi na daban, ko da abin da take faɗa ƙarami ne. Shi ya sa vox populi, vox Dei, muryar jama'a muryar Allah ce, take fitowa a bakin 'yan siyasa duk lokacin zaɓe kamar wani hukunci daga sama. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da aka same ta a rubuce wasiƙa ce da malami Alcuin ya aika wa sarki Charlemagne a ƙarshen ƙarni na 8, kuma gargaɗi yake yi masa kada ya saurari masu faɗin haka, domin hayaniyar taro kullum tana dab da hauka. Haka si vis pacem, para bellum, in kana son zaman lafiya ka shirya yaƙi, wadda aka taƙaito daga littafin dabarun soja na Vegetius. Wani kamfanin makamai na Jamus ya ɗauki kalmomin biyu na ƙarshe, ya bar na zaman lafiyar, ya sa wa bindiga da harsashi. Har gobe harsashin milimita 9 da ya cika duniya sunansa Parabellum.

Afirka ma tana da nata rabo. Ex Africa semper aliquid novi, kullum daga Afirka sabon abu yake fitowa, ana yawan ɗora ta a kan taruka da mujallu a matsayin yabo. Marubucin Rum Pliny Babba ne ya kawo ta, yana cewa karin maganar Girkawa ce, kuma zancen namun daji yake yi. A tunaninsa ƙarancin ruwa yana tara dabbobi iri-iri a mashaya ɗaya, su yi barbara da juna, su haifi halittu masu ban al'ajabi. "Sabon abu" a bakinsa ya fi kusa da "dodo". 'Yan Afirka suka karɓe maganar suka wanke ta suka sa, kuma ban ga laifinsu ba, tunda haka kowa ya yi da nasa guntun.

Makarantun da Turawa suka kafa a Kudu sun zo da al'adar take da Latin. Achimota a Ghana tana da Ut omnes unum sint, domin duka su zama ɗaya, Jami'ar Ibadan tana da Recte sapere fons, kwalejojin tarayya na Nijeriya kuma Pro unitate. A Arewa gurbin ya riga ya cika. Kwalejin Barewa ta ɗauki "Man jadda wajada", Jami'ar Bayero ta ɗauki aya daga Suratu Yusuf. Aikin da Latin yake yi wa Bature, Larabci ya daɗe yana yi mana, da bambanci guda mai muhimmanci: Larabci yana raye, kuma in ka yanko rabin aya ko rabin baiti a gaban almajirai, za a samu wanda zai ƙarasa maka, ya kuma gyara maka in ka karkata.

Ba wai Latin bai shigo bakinmu ba. Ya shigo ta bayan gida. Masana harshe suna mai da "takarda" zuwa charta ta Latin, ta hanyar Buzaye, "zinariya" kuma zuwa denarius, kuɗin Rumawa, ta hanyar dinarin Larabawa. Watan Yuli sunan Yuliyas Kaisar ne, Agusta na magajinsa. "Sanata" daga senex take, wato tsoho, saboda haka wanda ya fara cewa Majalisar Dattawa ya fassara kalmar har jijiyarta. Veto ma'anarta "na hana", kalmar da ta samo asali daga ikon wakilan talakawan Rum na dakatar da hukunci, kuma "kujerar na-ƙi" da gidajen rediyo suke faɗa ta fi fassarar kowane ƙamus. "Bas" da muke shiga kuwa wutsiyar omnibus ce, "domin kowa", an yar da kalmar an riƙe ɗafin nahawunta.

Amma inda talakan Nijeriya yake karo da Latin ido da ido shi ne kotu. Ex parte, sub judice, locus standi, subpoena, nolle prosequi, sine die. Yawancinsu ba na zamanin Kaisar ba ne, lauyoyin Turai na ƙarnonin baya ne suka ƙera su, muka gaje su tare da hular gashin doki. Ingilar da ta kawo mana su ta yi doka tun 1730 cewa a riƙa shari'a da Turanci, sannan a 1999 ta sake tsarin shari'un da ba na laifi ba, ta maye gurbin irin su ex parte da subpoena da Turancin da kowa yake ji. Mu muna nan riƙe da su. Nolle prosequi, "ba a son ci gaba da tuhuma", ita ce ikon da babban lauyan gwamnati yake da shi na janye ƙarar laifi, kuma sashe na 174 da na 211 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun bayyana wannan iko ba tare da Latin ba. Amma a bakin lauya sai an sa masa rigar Rum kafin ya fito, wanda ake ƙara yana tsaye a akwati yana jiran tafinta.

A rikicin masarautar Kano na 2024 an ga iyakar abin. Kotun tarayya ta ba da umarnin a tsaya a status quo, gari ya ɗauka, gidajen rediyo suka yi ta gayyato lauyoyi su yi bayani, kowane ɓangare yana cewa umarnin shi ya bai wa gaskiya. Gardamar ita ce wane hali za a koma: na kafin majalisa ta soke dokar masarautu ta 2019, na kafin gwamna ya sa hannu, ko na ranar da takardar kotu ta isa hannun waɗanda ake ƙara? Kalmomin biyu ba za su iya amsawa ba, saboda ma'anarsu ta zahiri ita ce "halin da", shi ke nan. An yanko su ne daga tsohuwar jimlar yarjejeniyar sulhu tsakanin ƙasashe, in statu quo res erant ante bellum, a halin da abubuwa suke kafin yaƙi. A can, ranar da aka fara harbi sananniya ce ga kowa. A Kano, ranar ce ake shari'a a kanta.